Jinin Jar Saniya

Mai acaɓa bai gama tsayawa ba Afra'u ta diro, kular ƙanƙara a hannu, tana dariya ita kaɗai. Tun daga Rano take haka.

Bappa, makiyayin da ya bar ta ta ɗebi jinin shanunsa don binciken digirinta na biyu, yana zaune a bakin rugarsa ta Kibiya.

"Bappa, ya fito! Wata da watanni ba na ganin komai a madubin bincike, jiya baƙaƙen ɗigo suka bayyana."

"Baƙi kuma abin murna ne, 'yata?"

Sai a lokacin ta tuna ba ta gaishe shi ba. Ta durƙusa, ta gaishe shi, ta miƙa masa hoton baƙaƙen ɗigon a waya. Ta ce a cikin ƙwayoyin jikin dabba akwai wasu zarurruka, kromosom. Wasunsu na ɗauke da umarnin ƙera ribosom, 'yan injinan da ke haɗa furotin. In ta zuba ruwan azurfa, inda umarnin ke aiki ne kawai yake yin baƙi.

"Yawanci zaren da ya fi tara umarni shi ya fi aiki. A jar saniyarka, wanda ya fi tarawa barci yake yi. Malamina ya ce in sake ɗibar jininta. In abin ya maimaitu, na gama."

Bappa ya shafa gemu. "Jar? Ai da safen nan ɗana Zailani ya kai ta kara sayarwa."

A babur ɗaya suka isa kasuwa, Bappa na riƙe da hularsa. An riga an loda saniyar a tirela mai zuwa Kudu, direba na ɗumama inji. Afra'u ta tare Alhaji Ramalan, wanda ya saye ta, tana haki.

"Ranka ya daɗe, jininta nake roƙo. Cokali ɗaya."

Ya dube ta, ya dubi Bappa, ya fashe da dariya. "Can ma zubar da shi za su yi. Hau, Malama."

Ta tattare hijabi ta hau. Zailani ya biyo ta ya danne wuyan saniyar, ta laluba jijiya, allura ta shiga. Jini ya cika kwalba, 'yan kara suka ɗau tafi, ita ma ta kasa daina dariya.

Tana saukowa tirela ta ja. Ta bi ta da ido, tana neman jar a cikin ƙahonni, ba ta iya ware ta ba.

Bappa bai kalli motar ba. "Rufe kular nan," ya ce, "rana ta yi."