Shaho da Kifi a Bakin Shago

Dogo mai haɗa kwamfuta ya daɗe yana rantsuwa da Shaho. Furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur, kuma hoton shahon da ke jikin kwalinta ne ya ba ta sunan. Da sabuwar Shaho ta fito, bai yi shawara da kowa ba ya sayar da motarsa, ya cika shagonsa da ita har rufi.

Ana haka wani kamfani ya fito da tasa mai hoton kifi. Masu gwaji a intanet suka ce Kifi ba ta zafi, ba ta shan wuta. Shi ke nan, gari ya juya.

Yaro zai leƙo ya ce, "Baba, akwai Kifi?"

"Akwai wadda ta fi ta. Shigo mana."

"To, bari in dawo." Ba mai dawowa.

Ya kira dilan da ya ba shi kayan, ya roƙe shi ya karɓi ko rabi. Dilan ya ce, "Ni ma ga su nan sun tsaya mini a wuya." A gida matarsa ta daina tambayar yadda kasuwa take, sai dai ta ajiye masa abinci ta koma gefe. Wannan shirun ya fi komai ci masa rai.

Da abin ya kai shi bango, ya shiga wajen maƙwabcinsa Mai Gilashi, wanda ke sayar da Kifi, ya ce su gwada a gaban jama'a. Aka fito da tebur bakin titi, aka jera kwamfuta biyu, ɗaya mai Shaho ɗaya mai Kifi, aka ba kowacce bidiyo iri ɗaya ta sarrafa. Mutane suka taru. Dogo ya tsaya yana share gumi, bakinsa na motsi.

Shaho ce ta fara gamawa.

"Kun gani?" in ji Dogo. "Kun gani da idonku!"

Amma fankar cikinta tana ta gurnani, sai wani tela ya ce, "Wannan kwamfuta ce ko injin niƙa?" Aka kwashe da dariya. Dogo ya kama hannun wannan, ya tare gaban wancan, yana cewa zai haɗa kyauta, zai ƙara fanka, zai kai har gida. Suka zame ɗaya bayan ɗaya, suka cika shagon Mai Gilashi.

Shi kaɗai ya kwashe wayoyin. Ya jima zaune a cikin kwalayensa, sannan ya ɗauki sukundireba ya tsallaka shagon Mai Gilashi.

"Na ga aiki ya yi maka yawa," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ko kana neman mai haɗawa?"

Mai Gilashi ya jawo masa kujera. Kafin la'asar Dogo ya haɗa Kifi ta farko a rayuwarsa.