Ƙarar da Baba Bai Ji Ba

Ƙarar ta fara ne washegarin ranar da Baba ya canza wa motar Auta fad ɗin birki. Auta ta yi ribas daga ƙofar gida, ta taka birki, sai ta ji ƙwas daga tayar gaba ta hagu, kamar an ajiye cokali a kan faranti da ɗan ƙarfi. Ta ce a ranta sabon abu ne, zai zauna. Bai zauna ba. Kafin a je ko'ina ƙwas ta zama gwaf, a danja, a kwana, a duk inda titi ya yi gargada.

Baba bakanike ne tun kafin a haife ta, kuma a layin garejinsu ba a san shi da wani suna ba sai Kunne. Wasu sai sun kwance mota suke sanin ciwonta. Shi kuwa shiga yake yi ya zauna gefen direba, ya sauke gilashi, ya lumshe ido, ya ce a ja. Kafin a zagayo layin ya faɗi abin da ke damunta. Da haka kuma yake rufe aiki: ba ya sallamar mota sai an zaga da shi ya saurara. Mama takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mai jin kukan noti a cikin taya ba amma ba ya jin ana kiransa cin abinci. A da wasa ne, kowa ya yi dariya. Yanzu rediyon falo sai an ƙure shi, kuma in ka yi magana a bayansa sai ka maimaita. Duk gidan an lura, an kuma ja baki an tsuke.

Ranar da ya yi mata aikin ma ita ta hana shi sakat. Ta makara zuwa kantin maganin da take aiki, ta tsaya a kansa da jaka a kafaɗa tana duba agogo, har ya ce mata in gaggawa ce ta hau iska. Ya mayar da taya a gurguje, ta ja ta tafi.

Da ƙarar ta ishe ta, ta same shi a gareji ta ce kamar tana jin wani abu, ko za su ɗan zaga. Ya goge hannu da tsumma, ya shiga, ya sauke gilashi, ya lumshe ido. A tudun rage gudu na farko motar ta ce gwaf. A mahaɗa ta taka birki, ta sake cewa gwaf, har Auta ta ji ta a tafin ƙafarta. Ta saci kallonsa. Fuskarsa a kwance take, kansa a ɗan karkace wajen taga, kamar mai sauraren abu mai daɗi.

"Lafiyarta lau," in ji shi da suka dawo. "Ke dai tsoro, Auta. Tun kina ƙarama kukan ƙofa ma firgita ki yake yi."

Makanikan maƙwabta suna zaune a benci suna kallonsu. Ta ce, "To, Baba."

Ta nemi gareji can ƙarshen gari, bayan gada, inda ba wanda ya san 'yar wace ce ita. Tun a hanya take jin kamar ta ɗauko kayan wani. Mai garejin wani kakkaura ne da tsinken sakace a gefen baki, mai yawan tambaya kamar likita. Ya tambaye ta yaushe take jin ƙarar, da safe kaɗai ko kullum, in ta yi ribas ko in tana gaba. Sannan ya karɓi makulli ya ce ta zauna gefe. A kan gargada ya ɗora ƙafa a birki kaɗan kaɗan, ƙarar ta ɗauke. Ya ɗage, ta dawo. Ya ce ai ƙarar ta faɗi sunanta da bakinta: da a ƙafar mota matsalar take, taka birki ba zai sa ta yi shiru ba.

Ya sa jak, ya cire taya, ya kama ƙarfen da ke rungume da fad ɗin ya girgiza. Abin ya yi ta rawa a hannunsa. Kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, na ƙasan ya warware har ya kusa fita. Da yatsu ya ƙarasa zare shi, ya ɗaga mata a gaban ido.

"Hajiya, kina da sauran shan ruwa. Da wannan ya faɗi kina gudu, da tayar nan ta cije." Ya juya tsinken zuwa ɗaya gefen. "Wane mai gyaran keken ne ya yi miki aikin nan?"

"Wani ne," ta ce. "A bakin hanya."

Ya ce ai ya sani, irinsu ne masu ɓata wa sana'a suna, ba ido ba kunne, sai hannun karɓa. Ya ce wanda ya ɗaura wannan ko kekunan yara bai kamata a ba shi ba. Abokan aikinsa suka yi dariya, ita ma ta ji bakinta ya yi wani abu mai kama da dariya. Dariyar nan ita ta yi ta tunawa duk tsawon hanyar gida. Motar ta yi tsit, birki sumul, ita kuwa ta gwammace ƙarar.

Da yamma ana cin abinci Baba yake ba Mama labarin aikin ranar, da muryarsa da ta ƙara ƙarfi kwanan nan. Matar nan mai jigilar 'yan makaranta ta kawo motarta, wai tana jin ƙara a birki. Ya canza mata fad, ya zaga da ita, bai ji komai ba. Mata dai da kunnen tsoro, in ji shi, ya nuna Auta da cokali. Mama ta ce ya ci abincinsa, mata ne suka raine shi. Auta ta san motar: fara ce, doguwa, takan wuce ta layinsu da safe, kawuna ƙanana a jere a taga. Ta yi ta juya abincin a kwano. Ta shirya maganar a ranta ta rushe, ta sake shiryawa. Ta yaya za a ce wa mutum abin da ake kiransa da shi ya tafi? Da aka kwashe kwanuka ta tashi ta shige ɗaki da maganar a cikinta.

Da sassafe ta fito da jakarta, ta tarar da shi tsugune a gaban tayar hagu. Yana shafa bakin ƙarfen tayar da ɗan yatsa, inda shatin yatsu baƙaƙe suka kwanta. Shi ba ya barin shatin hannu a motar mutum, sai ya goge. Ya leƙa ta cikin ramukan tayar ya ga giris mai launin da ba ya amfani da shi.

"Wa ya taɓa ta?" Bai ɗago ba.

Ta tsuguna kusa da shi ta inda zai ga bakinta. Ta faɗa masa komai, ban da dariyar. Ta ce laifinta ne, ita ta tsaya a kansa da agogo. Ya ɗaga hannu, alamar ta bar wannan.

"Ranar da muka zaga. Tana yi?"

"Tana yi, Baba."

"Ina ciki?"

"Kana ciki."

"Da ƙarfi?"

Ta so ta ce kaɗan ne. Ta gyaɗa kai.

Ya daɗe yana kallon tayar. Wata maƙwabciya ta wuce ta gaishe su, bai amsa ba, Auta ce ta amsa musu su biyu. Can ya dafa motar ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ce da ta faɗa masa tun a lokacin. Bai faɗe shi da faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya matsa ta nesa da ido yana neman lamba, sannan ya miƙa mata.

"Kira matar nan mai 'yan makaranta. Kada ta ɗauki yaro ko ɗaya sai ta biyo gareji."

Wayar ta yi ta ringin. Matar ta ɗauka, ana jin injin yana aiki a bayanta, tana tambaya ko lafiya da sassafen nan, ita fa yanzu za ta fita. Auta ta fara kame-kame, wai Baba ne ya ga kamar akwai wani ɗan abu da kamfani suka ce a duba. Baba yana tsaye yana bin leɓɓanta da ido. Ya girgiza kai, ya sunkuyo kusa da wayar, ya yi magana da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

"Ce mata aikina nake so in sake dubawa. Ce mata ita ta ji daidai."