Hanyar Inna Zuwa Famfo

Tsakar gidanmu daɓen dutse ne, falale-falale, mahaifinmu ya jera su da hannunsa tun kafin a haife ni. Shi ya riga mu gidan gaskiya, duwatsun kuma suka tsufa tare da Inna. Simintin da ke tsakaninsu ya zube, ciyawa ta samu wurin zama, tururuwa suka kwashe yashin ƙarƙashi, har wasu suka fara girgiɗi in an taka.

Idon Inna ya daɗe da tafiya, amma ba ta yarda a riƙe mata hannu. Daga ɗakinta zuwa famfo, daga famfo zuwa kujerarta a gindin lemo, ita kaɗai take zuwa da sandarta, tana tafe tana yi wa kowa faɗa. Ni nake zaune da ita, kuma wallahi ina jin daɗin zaman, har da faɗan.

Yayanmu ne ya tayar min da hankali. Ya zo gaisuwa, wani dutse ya kusa kai shi ƙasa, ya ce, "Wannan ai tarko ne. In wurin nan ya gagare ta, gidana zan mayar da ita." Gidansa can saman bene yake, babu fili, sai taga. Wadda ba ta gani, me za ta yi da taga?

Ban yi wata-wata ba na kira Dogo magini, na kai Inna gidan ƙanwarta ta yi 'yan kwanaki saboda ƙura.

Dogo ya iya aiki, sai dai surutu. Ya bi tsagin duwatsun da kurfi da guduma, ya ƙwaƙule tsohon siminti, ya tsige ciyawar har saiwa, ya share. Masu girgiɗi ya ɗaga su ɗaya-ɗaya, ya zuba sabon kwaɓi a ƙasa, ya mayar da kowanne gurbinsa yana bubbugawa da ƙotar guduma har ya zauna daram. Sannan ya jiƙa tsagin, ya dinga cusa kwaɓi da bakin cokalin gini. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina cewa, "Malam Dogo, a shafe sumul, kada a bar ko ɗan rami." Ya shafe kuwa. Na yi ta yayyafa ruwa safe da yamma har ya kama, ina kallon wurin ina jin kaina ya yi girma.

Yaya ne ya dawo da Inna a motarsa. Ta huta, ta ɗauki sanda ta nufi famfo. Ta ɗan taka, ta tsaya. Ta ja sandar dama, ta ja hagu, sandar na ta sulɓewa. Sai ga Inna ta doshi bango. Da ban yi sauri ba da ta buga goshi.

"Ke," ta ce, "ina tsagin da nake bi?"

"Wane tsagi, Inna?"

"Wanda sandata ke shiga daga ƙofa. In na bi shi sai na taka dutsen nan mai motsi, shi ke gaya min in juya. Kun rufe masa baki?"

Shekara da shekaru ina kallonta tana tafiya, ban taɓa tambayar yadda take yi ba.

Yaya ya ce, "To kin gani. A fara haɗa mata kaya."

Na buɗe baki zan zazzaga masa abin da ke cikina, Inna ta riga ni. "Ba inda za ni. A kira min maginin."

Washegari da hantsi Dogo ya zo yana sosa ƙeya. "Inna, in dai cewa za ki yi in sake kwance dutsen, ki yafe ni. Sunana zai ɓaci."

"Wa ya ce ka kwance? Ɗan nan, kai dai ka cika baki. Kawo hannunka."

Ta sa ya durƙusa a bakin ƙofarta, ta kama yatsansa ta ɗora a kan layin simintin. "Daga nan. Ka yi min kwari, daidai kan sandata."

Ya sake fasa layin da ya gama shafewa, yana ƙorafi yana dariya. Ya cika da sabon kwaɓi, ya lanƙwasa guntun rodi ya ja a kai, sai ga ɗan kwari ya miƙe. Inna ta shafa ta ce, "Wannan na kaza ne? Ƙara zurfi." A wurin juyawa kuma ya sassare fuskar dutsen da kurfi, yadda ƙafa za ta ji kaushi. Haka suka bi har famfo, suka bi har gindin lemo, tana ba da umarni daga kan kujera.

Ranar da ya bushe Yaya ya zo, har da babbar jakar kwasar kayan Inna rataye a kafaɗarsa. Ya tsaya a tsakar gida ya harɗe hannuwa. Ni kuwa na ɓoye hannuna a baya don kada in kai wa Inna.

Inna ta fito da kofi. Kan sandar ya faɗa cikin kwarin, ƙiii, ta bi shi. Ta kai wurin kaushin, ta goga ƙafa, ta juya. Muka ji ƙarar famfo. Ta dawo ta biyo layin lemo, sai sandar ta daki takalmin Yaya.

"Wane ne ya tsaya min a hanya?"

"Ni ne, Inna."

"Af, babban baƙo. Ungo, ruwa na ɗebo maka, tunda ba wanda ya ba ka. Sha ka matsa in wuce."

Ya ajiye jakar, ya karɓa da hannu biyu, ya matsa.