Ƙwaryar Kindirmon Inna Fatu

Malam Sama'ilu bai taɓa buɗe baki ya ce wa matarsa yana son ta ba. Ƙwarya ce ke faɗa a madadinsa. Tun suna da ƙuruciya a rugarsu ta bayan Roni, kullum hantsi sai ya ajiye ƙwaryar kindirmo a ƙofar ɗakin Inna Fatu, ya yi gyaran murya, ya wuce kamar ba shi ya ajiye ba.

Sai ciwon suga ya kama Inna. 'Yarsu Rahamatu, da ke aure a cikin gari, ta zo ta kafa doka.

"Baffa, daga yau duk wani abu fari an hana. Ba suga, ba fura, ba nono."

"Har nonon?"

"Shi ma ai zaƙi gare shi."

Malam ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa, ya juya ya miƙa wa maƙwabta. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake wucewa. Gyaran muryar nan ma ya daina, don ba shi da abin da zai yi wa.

Wata rana akuya ta sa baki a kuɓewar da Inna ta shanya. Inna ta yunƙura za ta kore ta, zani ya harɗe ta, ta dafa ƙasa da hannun dama. Dafawa ce kawai, ko gwiwarta ba ta taɓa ƙasa ba. Amma wuyan hannu ya ce ƙas!

Malam da Rahamatu suka kai ta asibiti a Kazaure, likita ta ɗaga hoton ƙashin ta duba, ta girgiza kai.

"Inna, daga kan bishiya kika faɗo?"

"Daga tsaye, 'yar nan. Ni da akuya muka yi, ita ta ci."

Likita ta yi dariya, sannan ta gyara zama. Ta ce ciwon suga ba a jini kaɗai yake tsayawa ba. Idan ya daɗe, yakan rage wa ƙashi ƙarfi a ɓoye, mutum na yawonsa lafiya lau, sai ƙaramin tuntuɓe ya karya shi. Ga kuma shekaru.

"Tana shan nono?"

Likita ta dubi Rahamatu. Malam, da ke rakuɓe a bakin ƙofa, ya ɗago kai a hankali.

"An hana ta," in ji Rahamatu, murya ƙasa-ƙasa. "Na zaci..."

"Sugan da ake zubawa ne abin gudu, furar ma a rage. Amma kindirmo tsura, daidai misali, ƙashinta na bukatarsa. Ta riƙa ɗan tattaki da hantsi, ta sha maganinta, ku dawo mu duba."

"Likita," Malam ya matso, "maimaita na kindirmon nan. Kunnen yarinyar nan ba ya ji sosai."

"Kai, Baffa!"

"To ni na ji. Allah ya yi miki albarka, likita."

Washegari da hantsi Inna na zaune a tabarma, hannu naɗe cikin farin simintin asibiti, Rahamatu na shara, sai suka ji gyaran murya. Irin na da, har da ɗan tarin nan na ƙarshe. Ga ƙwarya a ƙofa, an rufe ta da sabon faifai.

Inna ta buɗe. Ƙamshin ya doki hancinta, idanunta suka ciko, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba. Ta dubi ludayin, ta dubi hannunta na dama.

"Malam, to da wane hannun? Da hagu zan sha?"

Malam, da ya riga ya kai bakin zaure, ya tsaya cak. Ya waiwayo ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa, ya shafa gemu.

"Rahamatu, kamar na ji akuyar nan ta tsinke igiya."

"Ga ta can a ɗaure, Baffa."

"Je ki duba dai. Ki duba da kyau, kada ki yi sauri."

Rahamatu ta jingine tsintsiya, ta fice tana toshe baki. Malam ya dawo ya durƙusa a gefen tabarmar, ya ɗebo ludayi guda, ya cika shi har yana ɗiga.

"Za ka ɓata min zani," in ji Inna.

"Ke dai ce bismillah."