Ɗoɗɗoyar Yakaka

Tun kafin Nasara su taka ƙasar Haɗeja, akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Guri, ana ce mata Yakaka. A bayan ɗakinta tana da ɗan lambu wanda tabarma biyu za su rufe, mai albasa da lalle da ɗoɗɗoya. Ɗoɗɗoyar nan ita ce ranta, don mahaifiyarta ce ta ƙullo irin a bakin zane tun daga Barno. Da ita take korar sauro, da ita take dafa wa mijinta, Hamman masunci, maganin mura. Shi kuwa yana sha yana mita, wai an mai da shi akuya.

Wata damina kogi ya cika ya ci gari, mutane suka koma tudu. Yakaka ba ta yi kukan tukwanenta ba. Abin da ya hana ta cin abinci shi ne ɗoɗɗoyar ba ta kai ga yin iri ba balle ta ɗiba. Hamman ya dube ta, ya dubi ruwa. Gari na wayewa ya ɗauki goransa, ƙaton nan da masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo, ya tafi da tsufansa.

Sai la'asar ya dawo yana rawar ɗari, rungume da curin laka mai ganye a samansa. Bawan Allah, ya san kowane kifi har kakansa, amma ganye duk kore ne a wurinsa. Tafasa ya laluɓo, wadda ko a juji fitowa take yi.

Yakaka ta gane tun daga nesa, ranta ya ɓaci ƙwarai. Amma da ta ga yadda haƙoransa ke kaɗawa, sai tausayi ya kama ta, ta karɓa hannu biyu.

Ya ce, "Ita ce ko?"

Ta ce, "Ita ce, Malam. Sannu da wahala."

Ta dasa curin a fasasshiyar tukunya tana ba shi ruwa, mata na ta dariya a ɓoye. Ana nan sai ƙananan tsiro suka leƙo a gindin tafasar. Ta murza ɗaya ta shinshina, sai hawaye. Ashe irin ɗoɗɗoyar na bara da ya zube a ƙasa ne ya biyo lakar.

Hamman ya leƙo ya ce, "Kin gani? Har ta haihu."

Yakaka ba ta taɓa gaya masa ba. Tafasar kuma, har ta bushe, ita take fara ba ruwa.