Katin Nang Pilang

A masana'antarmu ƙarfe biyar na yamma ne lokacin tashi, amma ban taɓa ganin wanda ya tashi a lokacin ba. Katunanmu ne kaɗai ke tashi. Biyar saura minti biyar, Sir Rodel, mai kula da layinmu, zai zo da katunan mutum ashirin da huɗu ɗaure da roba ya ajiye a gefena. Sai in cire safar hannu, in ɗauraye ƙarnin kifi, in je bakin ƙofa in riƙa cusa su ɗaya bayan ɗaya a bakin agogo, yana buga musu lokaci, ƙwas, ƙwas. A takarda duk mun tafi gida ke nan. In dawo in mayar da safata, mu ci gaba da ɓare fatar kifin tuna muna zare ƙaya har bakwai, wani lokaci takwas, sai kifin da jirage suka sauke ya ƙare.

A saman agogon akwai takardar gwamnati cikin gilashi. Na haddace ta tas, tun da kullum sai na tsaya a gabanta. Aikin yini awa takwas ne. Abin da ya haura a biya shi da ƙari. Awa guda ta cin abinci. Hutun kwana ɗaya bayan aikin kwana shida. Wanda ya cika wata shida a gwaji ya zama ma'aikacin dindindin. Kowace safiya sai an goge gilashin nan ya yi ƙal, ya fi kwanonin da muke cin abinci a ciki samun kulawa.

Layin ƙarshen nan na takardar shi ne nawa. Shekara goma ina yawo a masana'antun kifin birninmu Gensan, ko'ina wata biyar ake ba ni, a sallame ni kafin na shidan ya cika. Mu nan endo muke ce masa. Ka huta wata guda da yunwa, ka koma wata ƙofar ka sake cika takarda kamar jiya aka haife ka. Shekarata talatin da tara, kuma kowa ya san ba sa ɗaukar mace da ta haura arba'in. Mijina ya bi jirgin kamun kifi shekara uku da suka wuce, ko shi ko saƙonsa. 'Ya'ya mata biyu ya bar min. Wannan karon ne kaɗai kamfani ya ɗauke ni gwaji na gaskiya, kuma ranar da abin nan ya faru saura kwana tara in ajiye farar hular 'yan gwaji in sa shuɗiya.

Nang Pilang ce ta samo min aikin. Nang muke kiran duk macen da ta girme mu. Maƙwabciyata ce, gida uku tsakaninmu, shekararta goma sha tara a kamfanin. Baki gare ta kamar reza, amma ita ta kama hannuna ta kai ni ofis. Ranar farko a bakin famfo ta dube ni ta yi tsaki.

"Minda, wannan gashin naki na mayya za ki shigar mana da shi cikin gwangwani? Juyo nan."

Ta tufke min shi tamau har sai da idona ya kawo ruwa, ta cusa shi a hula. Daga ranar kullum ita ke ɗaure min, tana yi tana zagina. Zancen katunan ma ita ta jawo min. Da wadda ke bugawa ta bar aiki, sai ta ce wa Sir Rodel ya ba ni.

"Je ki, Day," ta raɗa min, yadda muke kiran ƙanwa. "Minti biyar ne, ƙafarki ta huta, hannunki ya sha iska. Ba kowa ke samu ba."

Na ji daɗi ƙwarai. Har godiya na yi mata.

Ranar Laraba abin ya faru, ƙarfe shida da minti ashirin. A ƙarshen layi akwai injin da ke niƙa kawuna da ƙayar kifi a yi abincin dabbobi. Murfinsa an daɗe da cire shi, wai yana rage sauri. Injin ya cushe, Sir Rodel ya daka tsawa a zo a buɗe shi, Nang Pilang ce ta fi kusa. Ba ta yi ihu ba da farko. Sautin injin ne ya canza, muka ɗago. Kafin a kai ga makunni, hannunta na dama ya tafi har wuyan hannu. Ni na ɗaure mata damtse da igiyar rigar aikina, ni na riƙe kanta a cinyata cikin motar kamfani har asibiti.

Kwana biyu bayan haka na kai mata faten shinkafa. Na tarar da ita zaune a gado, dungulmin hannun naɗe da farin ƙyalle, gashinta a barbaje. Ba ta ko kalli kwanon ba.

"'Yan kamfani sun zo," ta ce. "Wai ba a bakin aiki nake ba. Katina ya nuna na tashi ƙarfe biyar. Wai komawa na yi satar kan kifi in kai gida, injin ya kama ni. Ni, Minda! Shekara goma sha tara ko jelar kifi ban taɓa sa wa a jaka ba."

"Ƙarya suke yi, Nang. Kowa ya gani."

"Kowa ya gani, kowa kuma na da 'ya'ya. In zancensu ya zauna, ba magani, ba haƙƙin rauni, kuma da sunan ɓarauniya zan fita. Wata jami'a za ta zo daga ofishin ƙwadago ranar Juma'a mai zuwa. Ba na roƙon ki ki yi faɗa da kowa. Ke kika buga katin. Ki ce ke kika buga, shi ke nan."

"Zan faɗa, Nang."

"Dube ni ki faɗa."

Na dube ta na maimaita. Kuma Allah ya sani har zuciyata nake nufi. A keken hayar da ya mayar da ni gida sai tafasa nake, ina shirya maganganun da zan watsa musu a fuska.

Ranar Litinin aka kira ni ofis. Ma'am Charito, mai kula da ma'aikata, mace ce mai sanyin murya, ba ta taɓa ɗaga ta ba. Ofishinta ne kaɗai wurin da ba ya ƙarni a duk kamfanin. Ta ba ni kujera, har da ruwan sanyi. Sannan ta buɗe littafin dokokin kamfani ta juyo min shi, ta ɗora farcenta a kan wani layi.

"Karanta min, Minda. Idona ya gaji yau."

Na karanta. Duk ma'aikacin da ya buga katin wani, kora ce nan take.

"Ma'am, ai Sir Rodel ne ke ba ni su."

"Na tambaye shi. Ya ce bai san zancen ba. Kina da shi a rubuce?"

Ba ni da shi.

"Ni ban ce kin yi ba," ta ce. "Ban ma yarda za ki yi ba. Mace mai hankali, saura kwana huɗu ta zama ta dindindin? Takardarki ga ta nan, na riga na cika, sa hannu ya rage. Yaya 'yan matan? Babbar ta shiga sakandare ko?"

Ta turo min wata takardar. An rubuta cewa na ga Felipa Tabanag, sunan Nang Pilang ke nan na takarda, ta buga katinta da hannunta ƙarfe biyar, daga baya na hango ta ta koma wajen injin da leda. Ma'am Charito ta ce kada in sa hannu yanzu, in tafi da ita gida in yi tunani. Na tsani matar nan a lokacin. Amma na ninke takardar na sa a aljihu, har na ce mata na gode.

Kwana huɗu takardar na aljihuna. Na daina bi ta ƙofar gidan Nang Pilang, ko da yake an sallamo ta. Sai in zagaya ta bayan coci, in tsallake kwata. A layi ba wadda ta yi min zancen. Da na matso sai hira ta mutu, kowa ta duƙufa a kan kifinta. Ban ga laifinsu ba, amma na ji haushinsu, don su ba wanda ya ce su zaɓa.

Ranar Juma'a kamfani ya yi kwalliya. An raba sababbin safar hannu. An nemo murfin injin daga inda aka jefar da shi aka ɗaura, har da fenti. Da rana aka ba mu awa guda cur ta cin abinci, muka cinye shinkafa da busasshen kifinmu cikin minti goma yadda muka saba, muka zauna muna kallon juna.

Jami'ar yarinya ce, ba ta fi talatin ba, da tabarau da takalmi mara tsini. Ta ƙi yarda Ma'am Charito ta zauna da mu. Ta rufe ƙofa da kanta, ta ajiye katin Nang Pilang a tebur tsakaninmu.

"Manang, na duba katunan layinku na wata uku," ta ce, ta cika min Nang ɗin don girmamawa. "Mutum ashirin da huɗu, kullum cikin minti biyu suke bugawa, kuma kullum a jere iri ɗaya. Ko sojoji ba sa haka. Na san abin da ake yi. Amma sanina ba shaida ba ne. Ina bukatar mutum ɗaya ya faɗa da bakinsa."

"In mutum ya faɗa, za a kore shi?"

Ta cire tabarau ta murza ido. "Doka ta hana a kore shi don ya ba da shaida. Ba zan yi miki ƙarya ba, suna iya nemo wani dalilin. In sun yi, sai ki shigar da ƙara, kuma ina ganin za ki ci."

"Wata nawa?"

"Wani lokaci shekara. Wani lokaci fiye."

Da ma ta yi min ƙarya. Na kalli katin. Ga lambobin nan da shuɗiyar tawada, biyar daidai, kuma a gefensa akwai ɗan tabon mai inda babban yatsana ya taɓa. Na tuna kan Nang Pilang a cinyata. Na tuna shekarata, da ƙofofin da na riga na ƙwanƙwasa duka.

"Wa ya buga katin nan, Manang?"

"Ita ta buga," na ce. "Na gan ta."

Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Na ciro takardar daga aljihu na sa hannu a gabanta. Ta daɗe tana kallona, ba da fushi ba, sannan ta ce in turo ma'aikaciya ta gaba. A ranar ƙarfe biyar aka kashe injuna, kowa ya buga katinsa da hannunsa. Muka fito rana na sama, mata sai ƙifta ido suke, wasu na dariya. Ni na tsaya bayan katanga na yi amai.

Ranar Litinin na fito da shuɗiyar hula a hannu. Na gaji da zagaye, na bi ta hanya. Nang Pilang na zaune a dakalin ƙofarta, ta rame, mataji a cinyarta, furfurarta ta sauko har kafaɗa. Na so in wuce, ƙafata ta ƙi.

"An samu ke nan," ta ce tana kallon hular. "Sa mu gani."

Na sa.

"Ta yi miki kyau. Gashin ne dai har yanzu kamar na mayya."

"Nang..."

"Kada ki fara. In kika ba ni haƙuri zan tofa miki yawu, kuma ba na son in yi. Zo ki ɗaure min gashi. Tun asuba nake fama, hannu ɗaya ba ya yi."

Na tsaya a bayanta na taje, na tattara, na tufke. Hawaye na zuba a kan wuyanta, ba ta juyo ba, ba ta goge ba.

"Ja da kyau," ta ce. "Haka na koya miki?"

Na ja. Da na gama ta shafa da hagu ta ji, ta gyaɗa kai.

"Je ki, kada ki makara. Gobe ki bi ta bayan coci. Na fi son haka."

A wurin aiki an sake cire murfin injin. An kuma ɗauki wata a gurbin Nang Pilang, Analyn, 'yar gwaji mai farar hula, mai goyon wata huɗu da ta bar wa uwarta a gida. Tun azahar nake ganin tana ɗaga ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya, idon sawunta ya kumbura.

Biyar saura minti biyar Sir Rodel ya zo da katunan ɗaure da roba. Na fara cire safa, sai ya girgiza kai.

"Ke yanzu kin wuce nan, Minda. Aikin masu farar hula ne. Zaɓi ɗaya ki ba ta."

Sai a lokacin na lura, duk waɗanda na san sun taɓa buga katunan nan 'yan gwaji ne. Na riƙe ƙunshin, shi kuma yana tsaye yana jira. Na duba layin daga farko har ƙarshe, fararen huluna biyar ne. Na taka zuwa wajen Analyn na ajiye mata.

"Je ki, Day," na ce. "Minti biyar ne, ƙafarki ta huta."

Ta ɗago, fuskarta ta washe, ta hau cire safa da sauri.

"Na gode, Nang," ta ce. "Allah ya saka."