Sunan da Ɗalha Ya Hana a Rubuta

Ɗalha ne ya fara gano matsalar, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. A wani ɗan ofis yake aiki a saman bene a Ƙofar Ruwa, inda suke kula da kwamfutocin wasu ƙananan asibitoci na cikin gari. Kowace kwamfuta tana da kernel, wato manhajar da ke jan ragamar sauran. Duk abin da kernel zai buɗe sai ya auna shi ya rubuta a rijistar tsaro, mai bincike kuma ya duba daga nesa ya tabbatar ba a yi wa na'urar kutse ba.

In za a sa sabon kernel ba sa kashe na'ura, don likitoci na kan aiki. Tsohon ne ke tayar da sabon kai tsaye. A nan rijistar ke ɓacewa, mai bincike ya ga giɓi, ya ce na'urar ba abin yarda ba ce. Ɗalha ya sha wuya kafin ya kama inda take zubewa, amma gyaran ya gagare shi.

Sai ga Ikram, 'yar ƙanen babansa, wadda shi da bakinsa ya roƙi Alhaji Lawal mai ofishin ya ɗauke ta aiki. Yarinyar da ya koya wa kunna kwamfuta! Ta saurari bayaninsa, ta zauna ta rubuta gyara: tsohon kernel ya ware wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, ya kwafe rijistar a ciki dab da zai sauka, ya faɗa wa sabon inda ya ajiye. Aka gwada, abu ya zauna daram.

Tun daga ranar Alhaji Lawal ba shi da zance sai Ikram. Har a gida, a Gwammaja, mata suka ɗauka. Ɗalha yana murmushi a fuska, cikinsa kuwa hassada na cin sa.

Wata ranar Laraba ta jawo kujera kusa da shi.

"Yaya Ɗalha, zan tura wa masu kula da kernel na duniya gyaran nan, a dandalinsu da kowa ke karantawa. A al'adarsu ana rubuta sunan wanda ya gano matsala a ƙasan bayani, amma sai da izininsa. In sa naka?"

A ƙasa. Kalmar da ta tsaya masa a wuya ke nan. Nata a sama, nasa a ƙasa kamar ɗan rakiya.

"Kin san mutanen nan kuwa? A gaban duniya za su yi miki kaca-kaca. Kada ki ja sunana cikin abin kunya."

"Haba Yaya, ai kai ka gano."

"Na ce a'a."

Ta tura haka nan. Amsar farko ta zo da gyare-gyare birjik, ranar Ɗalha har da sayen tsire. Ikram kuwa ta zauna ta karanta su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gyara, kafin ta sake turawa ta kuma tambayarsa batun sa sunansa. Ya ce ai ya riga ya gama magana.

Da aka karɓi gyaran, Alhaji Lawal ya tara kowa a gaban allo yana nuna sunanta da yatsa, bakinsa har kunne. Ɗalha ya leƙa ƙasan bayanin, wajen da nasa zai zauna. Fili ne fetal.

Ya jira kowa ya fita sallar la'asar, sannan ya matsa yana sosa ƙeya.

"Ikram, wannan layin... ba a iya ƙarawa yanzu?"

Ta ɗago da tausayi, wanda ya fi zagi yi masa ciwo.

"An riga an shigar, Yaya. Abin da ya shiga tarihinsu ba a sake taɓa shi."

Washegari shi Alhaji ya tura ya bi asibitocin ya sa sabon kernel. A kowace na'ura tsohon ya miƙa wa sabon rijistar cif, ba layin da ya faɗi. Wani likita ya leƙo ya tambaye shi ko shi ne yayan Ikram ɗin nan da ake faɗa.

Ɗalha ya ce eh, shi ne.